Yadda Tafiyar Hannu Ke Sakin Sanda a Wasan Golf

Duk wanda ya taɓa kallon mai faskare ya san ba ƙarfin damtse kaɗai ke tsaga itace ba. Gwani yakan bar kan gatarin a baya, sai hannu ya kusa isa ƙasa sannan ƙarfen ya fyaɗo. Haka lamarin yake a wasan golf, inda ƙwararru ke kai kan sanda gudun da ya kai kilomita 180 a awa, alhali saukowar sandar daga sama zuwa ƙwallo ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ba.

A shekarar 1968 Alastair Cochran da John Stobbs suka wallafa sakamakon wani bincike da aka gudanar a Birtaniya, inda suka kwatanta wannan bugu da lilo mai gaɓa biyu. Gaɓa ta farko ita ce hannu, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Ta biyu kuwa sandar ce. Idan ɗan wasa ya ɗaga sanda, wuyan hannunsa yakan lanƙwashe har sandar ta yi kusurwa ta kimanin digiri 90 da sangalin hannu. Buɗewar wannan kusurwa yayin saukowa shi ake kira sakin sanda.

Abin mamaki shi ne, tsokokin wuyan hannu ba su ne kan gaba wajen buɗe ta ba. Ƙanana ne, lokacin kuma ya yi musu kaɗan. Hanyar da hannaye suka bi ita ce ke yin aikin. Da farko hannayen suna jan sandar ta tsawonta, kamar mai zaro kibiya daga kwari, don haka kan sandar ke biyowa a baya. Da suka iso wajen ƙugu sai hanyarsu ta ƙara lanƙwasa, ta fara karkata ciki da sama. Wannan sauyi shi ke wurga kan sandar waje, kamar dutsen majajjawa. A daidai nan gudun hannaye yake raguwa, domin ƙarfin motsinsu ya koma cikin sanda. Wani injiniya ɗan Japan, Miura, ya nuna a 2001 cewa jan hannu sama dab da dukan ƙwallo yana ƙara wa kan sanda gudu.

Kuskuren 'yan koyo shi ne gaggawa. Sukan cilla kan sandar tun daga sama da ƙarfin wuyan hannu, sai kusurwar ta buɗe da wuri, gudun ya ƙare a iska. Riƙe kusurwar da gangan har ƙarshe ma ba mafita ba ce, domin fuskar sandar kan iso a karkace, ƙwallo ta baude. Gyara a tsakiyar bugu kuwa ba ya yiwuwa: kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ga tsoka, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce. Haɗuwar sanda da ƙwallo kanta ba ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba.

Sakin da bai yi daidai ba yana iya kafa sanda a ƙasa kafin ƙwallo, girgizar kuma a hannu take sauka. Cikin ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu akwai ɗaya a ɓangaren ƙaramin yatsa mai ɗan ƙugiya, inda gindin sanda ke zama. Wannan ƙugiya takan karye, galibi a hannun hagu ga mai bugu da dama, kuma sau da yawa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna karayar, sai an yi na musamman.