Manoma Masu Saukar da Baƙi a Italiya

Mai karatu, ka taɓa jin manomin da ke samun kuɗi daga gonarsa tun kafin lokacin girbi ya yi? Akwai irin waɗannan manoma da yawa a ƙasar Italiya. Mutanen birni sukan je gonakinsu hutu, su kwana, su ci abincin ƙauye, su ga yadda ake tatsar madara ko matse man zaitun, sannan su biya. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido a gona.

Asalin abin daga wahala ya fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, matasan ƙauyukan Italiya sun yi ta ƙaura zuwa birane domin aiki a masana'antu. A yankuna irin su Tuskani, gidajen gona da dama suka zama kango. A shekarar 1965 wasu manoma suka kafa ƙungiya mai suna Agriturist, da nufin mayar da waɗannan gidaje masaukin baƙi. A 1985 gwamnati ta yi dokar farko a kan sana'ar, aka sabunta ta a 2006. Yau gonaki fiye da 25,000 ne ke wannan aiki a ƙasar.

To, me ya sa sai da ƙungiya? Ka ɗauka kai ne manomin. Kana da itatuwan zaitun da ɗakuna huɗu na baƙi. Baƙonka ya tashi da safe yana son cuku da zuma da madara, kai kuwa ba ka da saniya, ba ka da amya. Kada ka ce za ka ruga babban kanti a birni, domin dokar 2006 ta ce yawancin abin da za a ba baƙo ya kasance daga gonarka ko daga gonakin yankinka. Ka ga ke nan dole ka nemi maƙwabcinka mai shanu da wancan mai kiwon zuma. Su ma idan baƙinsu na son man zaitun, wurinka za su zo. Ta haka kuɗin baƙo ɗaya ke shiga gida uku ko huɗu, bai bar ƙauyen ba.

Haka kuma batun ɗaki. A lokacin zafi, musamman a watan Agusta da Italiyawa suka fi tafiya hutu, ɗakunanka huɗu za su cika. Idan iyali na biyar suka buga waya, manomi mai hankali ba ya cewa "babu wuri" ya kashe waya. Sai ya tura su gonar ɗan ƙungiyarsu da ke kusa. Wani zai ce ai wannan miƙa wa abokin gasa ciniki ne. Ba haka ba ne. Baƙon da ya ji daɗin yankin zai dawo baɗi, kuma wanda ka tura wa baƙi yau shi zai turo maka gobe.

Akwai kuma ayyukan da suka fi ƙarfin mutum ɗaya, kamar talla a intanet, da fahimtar dokar haraji da ta tsabtar abinci, da kai kuka ga hukuma. Manomin da ya wuni a gona ba shi da lokacin bin ofisoshi. Ƙungiya ce ke ɗauke masa wannan nauyi, tana kuma shirya wa sababbin shiga horo.

Amma fa zaman tare yana da tsadarsa. Baƙo ba ya bambanta gona da gona. Sunan ƙungiya yake gani. Idan ya tarar da ɗaki mai datti a wuri guda, ko aka ba shi man kanti aka ce na gona ne, dukan 'yan ƙungiya zai zarga. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Saboda haka taimakon juna a nan ya haɗa da faɗa wa juna gaskiya, ko da ba ta da daɗin ji. A ganina wannan ne ɓangaren da ya fi wuya, domin tura wa maƙwabci baƙo abu ne mai sauƙi, amma ce masa ya gyara banɗakinsa sai da ƙarfin hali.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a gare ka. Hausawa suna da gayya, inda jama'a ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya, wata rana kuma su koma ta wani. Suna da adashi, wanda Yarabawa ke kira esusu. Ka tambayi dattawan garinku sunan da ake kiran aikin gayya da harshenku, da kuma abin da ake yi wa wanda aka nome masa gona, amma ranar ta wani ya ƙi fitowa.