Kusar Sirdin Keke: Ɗan Hakin Da Ka Raina

A garuruwanmu irin su Maradi da Tasawa da Damagaram, keke shi ne dokin talaka. Da shi ƴan makaranta ke zuwa daga ƙauyuka, da shi manomi ke kai buhu kasuwa, mu malamai ma da yawanmu shi ne abin hawanmu. Mai keke yakan kula da taya da sarƙa da birki, amma da wuya ka ga wanda ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin sirdi. Alhali kuwa a nan ne ƴar kusar da ke ɗauke da nauyin mahayi take, kaurinta bai wuce na fensir ba. Ranar da ta karye, sirdi yakan fice ne nan take, mutum yana cikin gudu, ya faɗa kan taya ko kuma kan bakin sandar ƙarfen da ta rage tsirara. Raunin da ake samu a wannan wuri ba ƙarami ba ne, kuma yara sukan ɓoye shi saboda kunya.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a bambanta kusoshi biyu. Akwai wadda ke jikin keke, mai riƙe sandar sirdi don kada ta zurma ciki. Akwai kuma ta sama, wadda ke matse sirdin kansa a kan sandar. Ta saman nan muke nufi.

Iri biyu ne a hannun jama'a. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh na Ingila, da Phoenix na Sin, da Hero na Indiya, suna da maƙali na ƙarfe wanda kusa ɗaya ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe, da noti a kowane ɓangare, galibi na sifana mai lamba 13. A tsakani akwai ƴan fayafayai masu haƙora, su ne ke cije juna su hana sirdi ɗagawa ko sunkuyawa. Iri na biyu shi ne na kekunan gwanjo da ake saukewa a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome. Su kusarsu daga ƙasa take shiga, da alanki ake murɗa ta. Wani keken kusa ɗaya ce mai kaurin milimita 8, ta alanki mai lamba 6, wani kuwa biyu ne ƙanana, ɗaya gaba ɗaya baya.

To, me ke kashe wannan kusa? Babban dalili shi ne hawa keke alhali ta yi sako-sako. Duk ramin da taya ta faɗa sai kusar ta ɗan tanƙwara ta koma, kamar yadda yaro ke lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke. Tsagar takan fara ne ƴar siririya, ido ba ya ganinta, tana ci a hankali har ranar da abin da ya rage ba zai iya ɗaukar mutum ba. Dalili na biyu shi ne ɗauri fiye da kima, wato a zura wa sifana bututu a danna da ƙarfin tsiya, sai kusar ta miƙe ko tiredinta ya cinye. Ga kuma tsatsa daga ruwan damina, ga al'adar tura sirdi can ƙarshen baya, wadda ke sa nauyin mahayi ya riƙa ɓanɓarar kusar kamar ana ɗaga dutse da sanda.

Keke yakan ba da sanarwa kafin ya yi ɓarna. Idan sirdi yana ƙara ƙiƙi-ƙiƙi, ko hancinsa ya riƙa ɗagawa bayan an daidaita shi, ko noti yana juyawa ba ya kamawa, to lokacin dubawa ya yi. Abin da muka fi gani a kekunan ɗalibanmu shi ne an naɗe wurin da robar tsohon tiyub. Robar tana rufe ciwon ne kawai, ba ta ɗaukar nauyin kowa.

Aikin canjin bai fi ƙarfin mai keke ba, in ya bi shi daki-daki. Da farko a sa alli a shata inda maƙalin yake a jikin ƙarafunan sirdi, don a mayar da shi mazauninsa. Idan noti ya yi tsatsa, a ɗiga masa kananzir a bar shi ya jiƙa kafin a taɓa shi. A yi amfani da sifanar da ta yi masa daidai, domin filaya da sifana mai faɗi su ke cinye kusurwoyin noti har ya zama kamar kwabo. Duk abin da aka cire a jera shi a kan tsumma bi da bi, fayafayan hagu daban, na dama daban, saboda wajen mayarwa ne mutane ke rikicewa.

Sannan a ɗauki tsohuwar kusar a tafi da ita wurin mai kayan keke. A nan ne ake yawan yin asara, domin kusa ta yi kama da kusa ba ya nufin ɗaya suke. Tsofaffin kekunan Ingila da awon inci aka ƙera su, tiredinsu 26 ne a kowane inci. Kusarsu da ta milimita 8 kusan kaurinsu ɗaya a ido, amma tazarar tiredin ta bambanta. Shi ya sa za ka ga noti ya shiga zagaye biyu ya cije. Wanda ya tilasta shi da sifana ya lalata noti da kusa gaba ɗaya. Noti na gaskiya da yatsa yake shiga har ƙarshe.

Ga masu kusar alanki, a duba lambar da aka buga a kanta. Lamba 8.8 tana nufin kowane murabba'in milimita na ƙarfen yana jure jan kusan kilo 80 kafin ya tsinke, 10.9 kuwa kusan kilo 100. Mai lamba 4.6 rabin ƙarfin 8.8 gare ta, wadda ba ta da lamba sam ita ma yawanci irin wannan ce, ta dace da ƙofa ko benci, ba sirdi ba. Kada a sa wadda ta gaza tsohuwar a lamba. Tsawo ma a gwada: gajera tiredi kaɗan take kamawa, doguwa kuma takan tokare cikin sirdi. Inda kusoshi biyu ne, a canza su tare, tun da wahala ɗaya suka sha. Amma ta tsohon maƙali ba kusar kasuwa ba ce, tana da kusurwoyi a jikinta waɗanda ke hana ta juyawa cikin fayafayai. Gara a sayi maƙalin sukutum, musamman in haƙoran sun side. Kusar da ta lanƙwashe kuwa ba a miƙar da ita da guduma, wadda ta karye ba a kai ta walda. Ƙarfen ya riga ya gaji.

Wajen ɗaurawa, a shafa ɗan giris a tiredi, a fara murɗawa da hannu. A jingine keke a wuri mai shimfiɗa, a daidaita sirdi ya kwanta sosai, maƙali yana wajen tsakiyar ƙarafunansa. A riƙa ɗaure noti na hagu kaɗan, na dama kaɗan, har bakin kusar da ya leƙo ya yi daidai a ɓangarorin biyu. Masu kusa biyu ma haka, gaba da baya bi da bi. Ƙarfin hannu a kan sifana ko alanki ya isa, ban da bututu. Daga nan a kama hancin sirdi da bayansa a jijjiga. In bai motsa ba, a hau a zaga, bayan mako ɗaya kuma a sake gwada ɗaurin, don sabon ƙarfe yakan ɗan zauna.

Muna kira ga iyaye da ƴan'uwanmu malamai, a farkon kowane zangon karatu a jijjiga sirdin keken kowane yaro. Wanda ya motsa, a kai shi wurin mai gyara tun ranar. Kuɗin sabon maƙali bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.