Hattara Da Cutar Da Ke Garkuwa Da Bayanan Kwamfuta

Da yawa daga cikinmu ƴan kasuwa a kwamfutar gida muke ajiye lissafin bashi da takardun kaya. To, akwai wata muguwar manhaja da ke kulle waɗannan bayanai, sannan ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017, wata irinta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har da asibitocin Ingila, tana neman dala 300 ta Bitcoin.

Alamominta su ne takardu su ƙi buɗuwa, sunayensu su canza, saƙon barazana ya bayyana a allo. Galibi ta saƙon imel na bogi ko manhajar sata take shigowa.

Idan ta kama mu, mu katse intanet, mu zare filashi nan take. Kada mu biya, domin ɓarawo ba shi da alƙawari. Mai gyara zai iya goge cutar, amma gogewa ba ta buɗe takardun. Shafin No More Ransom, wanda aka kafa a 2016, yana ba da makullan wasu nau'o'inta kyauta.

Rigakafi dai ya fi magani: mu riƙa sabunta Windows, mu kuma kwafe lissafinmu a wani faifai da ba ya haɗe da kwamfutar.