Maganin Kitsen Jini: Wanne Ya Dace Da Mai Haɗarin Shanyewar Jiki?

'Yan'uwa, daga Kebbe zuwa Tambuwal, da wuya a sami unguwar da ba ta da wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Sau da yawa magidanci ne, ga gona ga iyali. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne babban sanadi, kitsen jini kuwa yana cikin manyan masu bi masa.

Wannan kitse, wato kolestarol, yakan taru a jijiyoyi har ya toshe wa jini hanyar ƙwaƙwalwa. Magungunan rage shi ana kiransu statin. A 2006 an gwada atorvastatin, miligiram 80 kullum, a kan mutum 4,731 da cutar ta taɓa kamawa, sai dawowarta ta ragu da kashi 16 cikin ɗari. Shi ya sa likitoci sukan zaɓi mai ƙarfi, atorvastatin ko rosuvastatin, ga wanda ta taɓa bugewa. Idan kitsen ya ƙi sauka, akan ƙara ezetimibe.

Simvastatin bai kai su ƙarfi ba, kuma da dare ake shansa. Mai shan amlodipine domin hawan jini kada ya wuce miligiram 20 na simvastatin. Don haka mu kai wa likita dukan magungunanmu ya gani.

Amma fa shanyewar jiki iri biyu ce: ta toshewar jijiya da ta fashewarta. Hoton ƙwaƙwalwa, irin wanda ake ɗauka a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, shi ke rabe su. Mai ta fashewa sai likita ya auna sosai kafin ya ba shi. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa tun da wuri. Wanda ya ji ciwon tsoka mai tsanani, ko fitsarinsa ya yi duhu, ya koma asibiti maza.

Kada mu saya a hannun 'yan talla, mu duba lambar NAFDAC. Kitsen jini ba ya ciwo, saboda haka jin sauƙi ba dalilin daina magani ba ne. Mu riƙa tuna wa tsofaffinmu, mu kuma taimaka wa wanda kuɗin ya gagara. Allah ya ba mu lafiya.