Yaren Kaka Na Ɓacewa a Nima: Ko Na'ura Za Ta Iya Cetonsa?

In ka ratsa lungunan Nima ko Maamobi bayan sallar la'asar, Hausa za ka ji tana tashi, daga ƙofar masallaci har wurin mai waakye. Amma tsayar da wani saurayi ka tambaye shi yaren kakarsa. Zai ce maka Kotokoli ne, ko Zabarmanci, ko Busanga. To shi fa, yana ji? Sai ya yi murmushi, ya ce gaisuwa kaɗai ya iya.

Irin wannan ce ta faru da al'ummar Suba a Kenya. Mazauna tsibiran Mfangano da Rusinga ne a tafkin Biktoriya. Auratayya da kasuwa da makaranta suka sa 'ya'yansu suka koma yaren maƙwabtansu Luo, har ya zama galibi tsofaffi ne suka rage da yaren Suba a baki. A Zongo kuwa, Hausarmu ce take haɗiye ƙananan yarukan, ita ma Twi da Turancin buroka suna cin gefenta. Ba ta ma cikin yarukan gida da gwamnatin Gana ta ware domin koyarwa a makarantunta.

Yanzu wasu sun ɗora buri kan ƙirƙirarriyar basira. A nan Akara kamfanin Google ya buɗe cibiyar bincikensa kan fasahar a 2019, kuma a 2022 ya ƙara Twi da Ewe cikin manhajarsa ta fassara. Ƙungiyar Ghana NLP ma ta fitar da manhajar Khaya don yarukan ƙasar.

Sai dai fa na'ura ba ta da kaka. Abin da aka rubuta ko aka naɗa, shi take koyo. Shi ya sa Hausar da take fitarwa ta fi kama da ta Kano, ba irin tamu da ba ta cika raba "ya" da "ta" ba. Yaren da ba a naɗa ba kuwa, wurinta babu shi.

Saboda haka aikin daga gida zai fara. Wayar nan da ke hannunka ta isa. Zauna da Hajiya, ka naɗi tatsuniya, da waƙar reno, da labarin yadda suka sauka Zongo, ka rubuta ma'anar da Hausa. Masu fasaha za su iya jira. Tsohuwa ce ba mu san kwana nawa suka rage mata ba.