Ƙarancin Jini Da Idon Mai Ciwon Sukari

A ƙasarmu ta Andarai da Maiyama, har zuwa Jega da Aliero, in an ce wane ya makance cikin manyantakarsa, abin da a kan fara kawowa a rai shi ne yana. To, akwai wata makanta wadda ba ta da alama a waje. Ka dubi idon mutum ka gan shi garau, alhali kuwa can ciki ya lalace. Irin wannan ce ciwon sukari ya kan jawo. Nufinmu a nan mu bayyana wa 'yan'uwa da malamanmu yadda ƙarancin jini ya ke taimakon wannan cuta, gama abu ne da ya yi yawa a garuruwan da za mu koma koyarwa.

Da fari sai mu san abin da ke cikin jini. Jan nan da mu ke gani ba na ruwan ba ne, na waɗansu 'yan ƙwayoyi ne da ke yawo a cikinsa, waɗanda ba su ganuwa sai da madubin likita. Cikin kowace ƙwaya akwai wani abu da likitoci su ke kira himogulobin, an gina shi da ƙarfe. Aikinsa dako ne. Ya ɗauki iskar oksijin daga huhu ya kai wa kowace gaɓa, kamar yadda jakuna su ke kwaso albasa daga fadama su kai kasuwa. In jakuna sun yi kaɗan, ko albasa ta cika gona, kasuwa ba ta gani ba. Kowace ƙwaya ta kan yi kamar kwana 120 tana aiki, sa'an nan ta mutu, ɓargo ya ƙera sabuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza iyaka: namiji baligi in himogulobin ɗinsa ya kasa giram 13 cikin mililita 100 na jini, ko mace ta kasa 12, ko mai ciki ta kasa 11, to, akwai ƙarancin jini. Alamunsa kasala, da haki, da jiri, da farin tafin hannu da na cikin fatar ido.

Sai kuma ido. Can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai laushi, shi ne ke karɓar siffar abin da mu ke kallo ya aika wa ƙwaƙwalwa. Duk ƙanƙantarsa, yana cikin sassan jiki da su ka fi bukatar oksijin, kuma waɗansu jijiyoyi ne sirara, waɗanda su ka fi gashi siranta, ke ciyar da shi. In sukari ya daɗe yana da yawa cikin jini, sai bangon jijiyoyin nan ya raunana, waɗansu su riƙa yoyo, waɗansu su toshe. Da tantanin ya ji yunwar iska, sai ya sa a tsiro da sababbin jijiyoyi. Su kuwa ba su da ƙwari, ko yaushe suna iya fashewa jini ya cika ido, ko su bar tabo wanda zai janye tantanin daga mazauninsa. Likitoci ba su iya leƙa wurin nan ba sai da wani Bajamushe, Helmholtz, ya ƙago madubin duban cikin ido a 1851. Yanzu an ƙiyasta cikin masu ciwon sukari na Afirka, wajen ɗaya cikin uku yana da wannan lahani, ko kaɗan ko da yawa.

To, a haɗa biyun nan a gani. Hanya ta riga ta ƙuntata saboda sukari, ga kuma 'yan dako sun ragu. Ai yunwar tantanin sai ta ninka. A 1997 waɗansu masana a ƙasar Finlan su ka buga sakamakon binciken da su ka yi a kan masu ciwon sukari 1,691. Su ka tarar waɗanda himogulobin ɗinsu ya kasa giram 12 sun ninka sauran sau biyu wajen samun lahanin ido, kuma cikin masu lahanin, haɗarin ya zama mai tsanani ya kai kamar sau biyar. A 1998 wani babban bincike na Amurka shi ma ya lissafa ƙarancin jini cikin abubuwan da ke kai ido ga mummunan mataki. Har wa yau akwai wata hanya da su ke haɗuwa. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umurtar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi, ciwon sukari kuwa yadda ya ke ɓata jijiyoyin ido haka ya ke ɓata na ƙoda. Saboda haka in mai sukari ya wayi gari jininsa yana raguwa ba da wani dalili ba, watakila ƙodarsa ce ta taɓu, wanda ƙodarsa ta taɓu kuwa da wuya idonsa ya tsira. Watau ƙarancin jini wani lokaci mai ƙara wa wuta itace ne, wani lokaci kuwa hayaƙi ne mai nuna akwai wuta. Ko wanne ne, bai kamata a ƙyale shi ba.

Abin da ya sa maganar ta shafe mu ƙwarai shi ne, hanyoyin rasa jini sun yi yawa wurinmu. Babbarsu zazzaɓin cizon sauro, wanda ke farfasa jajayen ƙwayoyi. Ƙidayar da Gwamnati ta yi a 2021 ta nuna cikin yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar, 49 cikin 100 suna da ƙwayar cutar a jininsu, babu jihar da ta kai haka a Nijeriya. Inda yara ke kwana, nan manya ke kwana. Sa'an nan ga tsargiya, wadda masu aikin shinkafa da masunta a bakin Gulbin Zamfara su ke ɗauka daga ruwa, ga tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana tsotson jini a hanji, ga haihuwa kusa da kusa. Ƙidayar 2018 ta nuna 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ko maganin sukarin nan da a ka fi sha, metformin, in an daɗe a kansa ya kan rage bitamin B12, wanda ɓargo ke bukata.

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata mu sani. A 1968 wani likita mutumin Iran, Samuel Rahbar, ya gano wani irin himogulobin wanda ya ke da yawa a jinin masu ciwon sukari. Daga nan a ka sami awon da a ke kira HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarin mutum ya kasance cikin wata biyu ko uku da su ka wuce. Awo ne mai amfani, amma ya dogara ga tsawon ran ƙwayoyin jini. In suna mutuwa da wuri, kamar ga mai sikila ko wanda ya zubar da jini, sai awon ya faɗi ƙasa, mutum ya yi ta murna alhali sukarinsa na nan sama. In kuwa ƙarfe ne ya yi kaɗan, ya kan hau fiye da gaskiya. Mudu in ya lotse, ba a dogara da awonsa. Don haka mai ƙarancin jini ya gaya wa likita, a haɗa masa da awon sukari na safe kafin karin kumallo.

Me ya kamata a yi? Na ɗaya, duk mai ciwon sukari in ya je awo ya roƙi a auna masa yawan jininsa, wanda ma'aikatan asibiti su ke ce wa PCV, a kuma duba fitsarinsa saboda ƙoda. Na biyu, in an sami ƙaranci a nemi sanadinsa tukuna. Mai tsutsa maganin tsutsa ya ke bukata, mai ciwon ƙoda kuwa ƙwayar ƙarfe kaɗai ba ta isar masa. Na uku, abinci. Hanta da nama da kifi su ne kan gaba, sa'an nan wake da zogale da alayyafo. Tumatir da lemon tsami suna taimakon hanji ya ɗauki ƙarfe, shayi kuwa yana hana shi, gara a jinkirta shi bayan cin abinci. Na huɗu, a guji abu biyu da mu ka saba da su. Molt na kwalba da madara, wanda a kan kai wa majiyyaci wai don ƙarin jini, cike ya ke da sukari. Ƙaho kuwa, wanda a kan kira wanzami ya yi wa mai jin nauyin jiki, ɗebe ɗan jinin da ya rage ya ke yi, ga shi miki ba ya warkewa da wuri a jikin mai sukari.

Na biyar, wanda ya fi duka, a kai ido ga likitan ido tun ran da a ka gane ciwon, sa'an nan shekara shekara, ko da mutum yana iya zura zare a allura. Cutar ba ta zafi, kuma ta kan yi nisa kafin gani ya ragu. Za a ɗiga magani a buɗe ƙwayar ido a leƙa ciki. In an tarar da ita da wuri, akwai hasken leza da allurar ido waɗanda ke tsai da ita. Ana iya fara tambaya a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, in abin ya fi ƙarfinsu ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mai ciki da ke da ciwon sukari ta fi kowa bukatar wannan, gama ciki yana gaggauta cutar, yana kuma rage jini.

Mu da za mu zama malamai, maganarmu ta kan wuce aji ta shiga zauruka. Uban yaro zai tambaye mu abin da ya ke jin nauyin tambayar likita. In mun sami mai sukari yana kukan kasala da haki, kada mu ce masa tsufa ne, mu ce ya je a auna jininsa a duba idonsa. Tun ran gini ran zane. Allah ya tsare mana ganinmu, amin.