Abin Da Ya Kamata Ku Sani Game Da Sunayen Yara A Ƙasar Arewa

A garuruwan ƙasar Arewa ta Nijar, kamar Dogon Dutsi, Matankari, Tibiri ko Gesheme, da wuya ka sami mutum mai suna ɗaya tak. Akwai na yanka, akwai wanda gida ke kiransa da shi, akwai kuma yadda aka rubuta a takarda. Kowanne da tushensa.

Sunan yanka

Shi ne wanda liman ke raɗawa ranar bakwai, a yanka rago, wanzami ya yi wa jariri aski. Akasarin sunayen yanka daga Larabci suke, na annabawa da sahabbai da iyalan gidan Manzon Allah (SAW). Sai dai bakin Bahaushe ya sarrafa su: Muhammadu ya koma Mamman, Abdullahi ya koma Audu, Ibrahim Iro, Khadija Dije, Maryam Mairo. Wasu kuma suna tafe da laƙabinsu, shi ya sa ake ce wa Abubakar Garba, Umaru Sanda, Hauwa Kulu.

Sunan rana da na yanayi

Waɗannan su ke faɗin lokacin da yaro ya zo duniya. Ladi da Ɗanladi 'yan Lahadi ne, Talatu 'yar Talata, Balarabe ɗan Laraba, Lami 'yar Alhamis, Jummai 'yar Juma'a, Asabe 'yar Asabar. A ƙasar manoman gero kamar Arewa, damina ma tana ba da suna: Nomau lokacin noma aka haife shi, Anaruwa kuwa ana tsakar ruwa. Azumi a watan azumi ta zo, Sallau ranar salla.

Wasu sunayen matsayin yaro a ɗakinsu suke nunawa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande mace ce da ta biyo maza, Gambo mabiyin tagwaye, Auta na ƙarshe. Shekarau shi ne wanda ake cewa ya zarce watanni tara a ciki.

Sunan 'ya'yan wabi

Idan mace tana haihuwa 'ya'yan suna mutuwa, mutanen da sukan sa wa na gaba suna irin Ajuji ko Bawa, a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Wannan dabara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A ƙasar Sabiya ta Turai, masanin harshen nan Vuk Karajic, wanda aka haifa a 1787, iyayensa sun sa masa Vuk, wato kyarkeci, saboda 'ya'yansu na farko sun yi ta rasuwa, suna ganin mayu ba za su kusanci kyarkeci ba.

Alkunya

Uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Haka idan yaro ya ci sunan kaka, sai a sakaya shi da Baba, Abba, Inna ko Ummi, don kada a riƙa kiran sunan babba gatsau.

Suna daban, sarauta daban

Tarihin baka ya ce Arawa, wato mutanen Arewa, zuriyar Ari ne, wani ɗan sarki daga Barno. Ari suna ne, amma Sarauniya ta Lugu, Baura na Bagaji, Kona na Dogon Dutsi da Samna na Tibiri duk sarautu ne. Wadda ta yi wa rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan turjiya a Lugu a 1899, sunanta Mangu. Sarauniya muƙaminta ne.

Sunan takarda

A Nijar da ƙa'idar Faransanci ake rubuta suna: Usman ya zama Ousmane, Shu'aibu Chaïbou, Shekarau Chékaraou. Nan ake samun tangarɗa. Idan takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta makaranta ta ce Mamane, yaron zai sha wahala ranar jarrabawa ko neman katin ɗan ƙasa.

Don haka iyaye, ku tambayi malamai da dattawa ma'anar suna kafin ranar bakwai. Ku kai sanarwar haihuwa ma'aikatar magajin gari da wuri, ku sa a karanta muku abin da aka rubuta, sannan ku riƙe wannan rubutun a duk takardun yaron.